Rantsuwar Zauren Sanata

Bakura, farkon damina

Zuwa ga taubashina Mukhtar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, yaya aiki, yaya iyali, yaya kuma daɗin Abuja da ya mantar da kai hanyar Bakura? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inno, uwar maigidana, ƙafar ce dai ke damunta. Nazifa ta yi zazzaɓi ta warke, ƙannenta uku suna nan suna cinye ni da rai. Na kira wayarka har na gaji, shi ya sa na ba Ɗayyabu direba wagga takarda, tunda ya ce ya san ƙofar gidan ubangidanka.

Ka san baban su Nazifa ya fi shekara a gidan yari, tun ranar zaɓen da aka ƙona motar Alhaji Bashar, shugaban jam'iyyar Garma na garin nan. Duk Bakura an san lokacin da motar ke ci da wuta yana cikin rumfa yana tsaron ƙuri'un Sanata Abdulwahabu, don shi ne wakilin jam'iyyar Fitila a wurin. Amma gwamnati ta Garma ce, kuma ana son wanda za a kama. Har yau ba a yi shari'a ba, kullum sai a ɗaga. Gonarsa ta shinkafa a Bakolori ciyawa ta cinye ta.

To ga abin da ya faru. Shekaranjiya Alhaji Bashar ya aiko matarsa har ɗakina. Ta ce in maigidana ya yarda ya riƙe katin Garma a ɗauke shi hoto, ya faɗa da bakinsa ya bar Fitila, Alhaji zai janye ƙara, ya kwana a gidansa cikin makon nan. Wallahi Mukhtar, da ta fita sai da na yi sujada.

Na je gidan yari na gaya wa maigidan, sai ya sunkuyar da kai. Ya ce rantsuwa fa? Kai ma kana wurin, ba sai na tuna maka ba. Kafin zaɓe Sanata ya tara wakilansa a zaurensa na Talata Mafara, kowa ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, cewa ba zai bar Fitila ba, ba zai ci amanar wanda ke cikinta ba. Sanata ne ya fara dafawa.

Ban tsaya ba, na wuce wurin Malam Hayatu limaminmu. Ya ce rantsuwa tana da kaffara: mutum ya ciyar da miskinai goma, shi ke nan ta sauka daga wuyansa. Ina da akuya ɗaya, gobe ma sai in sayar in auno hatsi. Maigidan ya ce ya ji, amma ba zai karya ba sai wanda suka dafa tare ya ce ya yafe.

Saboda haka na zo gare ka. Kai ke riƙe wa Sanata jaka, kai ke buɗe masa ƙofar mota. Ka roƙo mana kalma ɗaya. Maigidan ya fara tari, ba na son jin tarin nan.

Af, a kasuwar Mafara ana cewa 'yan Garma na zawarcin Sanata. Gaskiya ne, ko surutun masu shayi ne?

Taubashiyarka, wadda ta fi ka hankali tun kuna yara,
Safara'u


Abuja

Zuwa ga Safara'u uwar surutu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na yi murna da jin lafiyarku. Ki gaishe da Inno, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya, sai dai barci da ya gagara. Kada ki ƙara kira. Kwanakin nan duk mai shiga falon Sanata sai ya bar wayarsa a ƙofa, har mu 'yan gida. Takardar ta fi.

Maganar zawarci gaskiya ce, kuma ba shi kaɗai ba. Garma na neman rinjaye a majalisa, sun bi sanatocin adawa gida gida kamar masu tallar nono. Namu ne suka fi naci a kansa. Shekaranjiya gwamnoni biyu suka zo, jiya wani minista, yau da safe raguna suka cika mana gareji har babu wurin ajiye mota. Sun yi masa alkawarin shugabancin babban kwamiti, da tikiti ba hamayya, da rufe wani bincike da ba sai na faɗa miki ba. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce mutanensa ne ba za su yarda ba. Bazawara mai wayo ba ta amsawa ranar farko, ke ma kin sani.

Na kai masa maganar Shamsuddeen, mijinki, yana cin abinci. Ya ajiye cokali ya ce, "Allah sarki, ɗan halak. Ka ce masa ya daure." Ya ce kada ya kuskura ya karɓi katin Bashar. Ki fahimta, Safara'u. Abin da Garma ke so a wurin Sanata shi ne jama'a, mutanen da ba sa motsi sai ya ce. Duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin mijinki, ya ce, "Ina da yaro a Bakura, ya zaɓi kurkuku a kan ya bar ni." Ki ga yadda suke kallon juna. To in aka wayi gari hotonsa ya fito da katin Garma, a hannun ƙaramin shugaba irin Bashar, me ya rage a saya? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In Sanata ya tsaya a Fitila, lauyansa zai fitar da mijinki da daraja. In kuma wani abu ya faru, sakinsa ne farkon abin da za a sa a kan tebur. Ta ko'ina ku ke da riba. Ba da hoto zai fito ba kamar ɓarawon akuya, da jerin motoci za a kawo miki shi har ƙofar gida.

Ki bar akuyarki ta haihu. Ke yake jin maganarki, ki je ki ƙarfafa masa gwiwa. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Tari kuwa damina ce, ni ma ina yi.

Naki, wanda kika ci bashin wayonsa,
Mukhtar


Bakura, ana noman farko

Mukhtar,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya kai da iyali. Mu ma da sauƙi, ban da autana da ke fama da gudawa.

Na karanta takardarka sau uku. Ban so ta ba, ba zan ɓoye maka ba. Mijina ba sa ba ne da za a riƙa nuna wa masu ciniki haƙoransa. Amma na ce kai ɗan gwaggota ne, tare muka ci ƙasa a Morai, ba za ka tura ni rami ba.

Na je ranar ziyara. Mukhtar, da ka gan shi da ba ka ce damina ba ce. Rigar da na kai masa da azumi yanzu kamar an rataye ta a ƙusa. Kafin in buɗe baki ya ce ya kwana yana tunani, ya ga gara ya karɓi katin, ya yi kaffara, ya zo ya ga Inno tun tana gane mutane. Ka ji? Da kansa ya sauko. Ni kuma na zauna na zuba masa maganarka tas, har da jerin motocin. Na ce Sanata da bakinsa ya kira ka ɗan halak.

Ya ɗago kai ya dube ni. Can ya ce, "Da bakinsa ya faɗa?" Na ce da bakinsa. Sai fuskarsa ta washe kamar yaron da aka ba sabon takalmi. Ya ce, "To ki ce wa Alhaji Bashar na gode. Hannuna da na Sanata wuri ɗaya suka dafa."

Na aika wa matar Alhaji. Ba ta aiko ba, shi ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofar gida bai ko sauko daga mota ba. Ya sa aka kira ni, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Na miƙa muku hannu kun tofa masa yawu. Ki gaya masa ya jira Sanatansa." Ya ɗaga gilashi.

Inno ba ta yi mini magana ba tun ranar. In na kai mata kunu sai ta juya fuska bango. Jiya na ji tana gaya wa Nazifa, wai an buɗe wa ɗanta ƙofa matarsa ta rufe.

Na yi abin da ka ce. Saura naka. Ka ce wa lauyan zaman kotu na nan tafe ranar Litinin ta sama, kuma a taimaka a kai maigidan asibiti, tarin ya fara zuwa da jini.

Safara'u


Bakura, gero ya fara fitar da kai

Mukhtar,

Sallama. Lafiya dai? Wata guda ke nan da wani abu, ko gaisuwa babu. Ɗayyabu ya rantse ya ba ka takardata hannu da hannu.

Lauya bai zo ba. Na sayar da akuyar da ka ce in bari ta haihu, na yi kuɗin mota da magani, na zauna a kan benci tun safe har azahar, aka ce an ɗaga. Da aka fito da maigidan sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Na biyo ta Mafara a dawowa. Na ga masu fenti a kan tsani a ofishin Sanata, suna shafe fitilar da ke bango. Na tambayi ɗaya me za a zana, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke kaɗai ce ba ki sani ba."

Me ban sani ba, Mukhtar? In Sanata zai sauya sheƙa, to ai lokacin teburin da ka faɗa ya yi. Ina sunan mijina a kai? Gidan nan yau kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, sai abin da maƙwabta suka miƙo ta katanga. In ka mutu a gaya mini in yi kuka, in kana da rai ka ji tsoron Allah ka amsa.

Safara'u


Bakura, ranar Lahadi

Taubashina na kirki,

Assalamu alaikum, ina gajiya, ina ɗawainiya. Ka yafe mini bakina, ka san shi tun ba yau ba.

Ranar Alhamis wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida, wasu samari suka sauke buhun shinkafa da galan ɗin mai. Suka ce daga gidan Sanata, Mukhtar ne ya ce a kawo nan. Suka tambayi mu nawa ne a gidan, na ce shida, suka ɗauke mu hoto da buhun suka tafi. Na tambaye su takarda, suka ce tana wurin Ɗayyabu. Shi kuma an ce yana Gusau, 'yan bindiga sun tare hanya, direbobi sun ƙi tasowa.

Ban jira takarda ba, na san me buhun ke cewa. Ba a manta da mu ba.

Na dafa da mai da yaji. Yara suka ci har auta ya yi barci da loma a hannu. Inno ta ci, ta kira sunana, karo na farko tun ranar nan. Jiya na zuba a kwano na kai wa maigidan.

Ba ya iya zama sosai yanzu, sai an jingina shi. Ya ce wani ma'aikaci ya gaya masa wai rediyo ta ce Sanata ya koma Garma. Shi kuma ya ce masa ƙarya ne, wanda ya dafa Alƙur'ani a gabansa ba zai yi haka ba. Da na buɗe kwanon na ce daga gidan Sanata ne, sai ya kira ma'aikacin ya ce, "Zo ka gani. Wanda ya bar mutum yana aiko masa da abinci?" Ya ci loma huɗu ko biyar, wanda rabonsa da haka an daɗe. Ya ɗaga hannu ya yi wa Sanata addu'a, ya yi maka, har da 'ya'yanka.

Ni ban damu da inda Sanata ya koma ba, ko jam'iyyar aljanu ce. A kawo mini shi kawai, ko ba motoci. Na wanke masa farar rigarsa na ajiye.

Taki har kullum, au, taka, ka ga murna ta sa na fara shirme,
Safara'u


Abuja, daren tashin 'yan kai kaya

Safara'u,

Sallama. Ina fata wannan ta riga buhun isowa, don ki san ko na mene ne. Takardunki biyu sun zo, aiki ne ya yi mini yawa.

An gama magana. Sanata ya shiga Garma, za a yi bikin karɓarsa a Talata Mafara ranar Asabar ta makon gobe, mutanen Bakura da Maradun duk za a kwaso su. An ba shi kwamitin, an ba shi tikitin. Ni ma an ce za a ba ni mataimaki na musamman, ki taya ni murna.

Maganar rantsuwa ta taso, don Sanata mutum ne mai tsoron Allah, ya ce ba zai hau mumbari da ita a wuyansa ba. Malaminsa ya ce abu mai sauƙi, a ciyar da miskinai goma. Da ma mudu goma ya isa, amma Sanata ya ce a ba kowane gida buhu. Nan take na tuna da ke. Na ce ga gidan Shamsuddeen, babu mai nema, sun cika sharaɗi. Ku shida ne, sauran huɗun aka samo a Gidan Goga. Wasu sun so a kai wa danginsu, na tsaya kai da fata sai da aka sa ku. Hoton da za a ɗauka na malam ne, ya tabbatar an kai.

Saura maganar mijinki, kuma ina so ki karanta da hankali ba da zuciya ba. An sa ta a tebur, wallahi an sa. Amma Alhaji Bashar ya tubure. Ka san, au, kin san shi ya so takarar kujerar nan, yanzu an ce ya janye ya bi Sanata. Ya ce ya yarda da sharaɗi ɗaya: kada a taɓa shari'ar motarsa. Ya ce ya yi wa mutum tayi a gaban jama'a an watsa masa ƙasa a ido, in aka sake shi yanzu ba zai ƙara iya shiga kasuwar Bakura ba. Gwamna ya dubi Sanata. Sanata ya ce to, a bar kotu ta yi aikinta. Ba a fi minti biyu a kai ba. Ba za a rushe tafiyar mutum dubu ɗari saboda mutum ɗaya ba, ke ma in kin natsu za ki gani.

Lauyan kuma ba zai iya ci gaba ba, tunda mai ƙara yanzu ɗan jam'iyyarmu ne.

Da Shamsuddeen ya karɓi katin tun farko, da ba a kai nan ba, amma shi ma akwai taurin kai. Ni shawara na bayar, ban ɗaure kowa ba. Yanzu dai ki gaya masa Sanata ya sauke tasa rantsuwar, shi ma ya sauke, babu sauran nauyi a kan kowa. Bayan zaɓe mai zuwa in ƙura ta lafa zan sake gwadawa.

In kin samu hali ki zo taron da yara. Za a raba atamfa, kuma zai yi kyau a ga iyalinsa a wurin.

Naki,
Mukhtar


Bakura

Mukhtar ɗan Gwaggo Surayya,

Wa alaikas salam, don sallama hakkin Musulmi ce. Ka tambayi lafiya ko ba ka tambaya ba, ga ta. Inno ba ta gane kowa. Yara suna nan. Ni ina cikin takaba.

Ya rasu ranar Juma'a da dare. Takardarka ta iso da safiyar Asabar, Ɗayyabu ya miƙo ta ana yi masa wankan gawa. Na karanta ta a bayan ɗaki, na ninke, na koma na zauna cikin mata.

Ka ce zai yi kyau a ga iyalinsa a taro. Ba mu samu zuwa ba, ka ba Sanata haƙuri. Amma garin ya je. Tun hantsi motoci suka yi layi a bakin kasuwa, ana ba kowa hula da abin cefane. Waɗanda suka dafa Alƙur'ani tare da shi a zauren nan, da idona na hango uku a kan mota ɗaya, suna ɗaga garma ta kwali. Malam Hayatu ya yi masa salla da tsofaffi da ba su iya hawa mota ba. Sahu ɗaya ne, bai ma cika ba. Farar rigar da na wanke, Nazifa ta sa ta a ƙarƙashin matashinta.

Bai sauke rantsuwarsa ba, Mukhtar. Da ita ya tafi, ba a karye ba. Kuma bai san komai ba. Na gode wa 'yan bindigar da suka tare hanya, su kaɗai suka yi masa alheri a cikin wagga magana. Ya mutu yana cewa Sanata na nan tafe.

Ba na fushi da Alhaji Bashar, shi bai taɓa ce mini 'yar'uwa ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ka ce shawara ka bayar. Haka ne. Ka ba ni ita, ni na ɗauka a bakina na kai masa ranar da ya ce zai fito. Wannan kayana ne, zan ɗauka har kabari. Naka kuma yana nan yana jiran ka, ba a sauke shi da buhu.

Na so in mayar maka da shinkafar. Na ja buhun har zaure, auta ya biyo ni yana riƙe da kwano. Sai na jawo buhun na mayar ɗaki. Yau ma ita muka ci, gobe ma ita za mu ci, ita na dafa wa masu zaman makoki. Ko wannan ɗan fushin ba ku bar mini abin yin sa ba.

Daga yau babu wasa tsakanina da kai. In mun haɗu a gidan biki ko gidan mutuwa, ka gaishe ni kamar baƙuwa, zan amsa.

Saƙo ɗaya nake so ka kai, tunda ka iya kai saƙo. Ka ce wa malamin Sanata ya gyara lissafinsa. Kun rubuta shida a gidan nan, bakwai ne. Na bakwai ya ci loma biyar, ya ɗaga hannu ya sa albarka. In malam yana shakkar ko miskini ne, ka ce masa ni na shaida. Ko likkafaninsa maƙwabta suka haɗa.

Safara'u, matar Shamsuddeen